Mutumin da Ya Aika Sukari Wurin Gayya

Akwai wani mutum a wani ƙauye na bakin rafi, wanda mahaifinsa ya rasu ya bar masa gona. Ba ƙaramar gona ba ce. Jar ƙasa ce mai jiki, tun daga gindin wata ɗorawa har gangaren rafi, irin ƙasar da in ka jefa mata ƙwayar dawa ba ta taɓa ba ka kunya. A gindin ɗorawar nan aka binne tsohon, domin haka ya roƙa tun yana da rai.

Sa'ad da rasuwar ta faru mutumin yana birni, yana aiki a wani shago inda ake buga wa jama'a takardu. Da aka gama makoki sai ya tattara nasa ya nasa ya dawo gida, shi da matarsa Afiniki da 'ya'yansu. Cikin kayan da ya dawo da su akwai wata tsohuwar kwamfuta, da farantin sola na yi mata caji, da rabin buhun sukari.

Baba Irmiya, ƙanen mahaifinsa, shi ne babba a gidan yanzu. Ya kira shi har gindin ɗorawar, ya nuna masa gonar da sandarsa.

Ya ce, "Ɗana, ka san ƙa'idar gidan nan, amma kunnen da ya daɗe a birni yana bukatar tuni. Gonar nan ba a sayar da ita, ba a kuma ajiye ta don ado. Wanda ya noma ta, tasa ce da 'ya'yansa. Wanda ya bar ciyawa ta cinye ta, sai a karɓa a ba wani a cikin dangi. Haka aka gaya wa ubanka, haka nake gaya maka."

"Na ji, Baba."

"Ji ba shi da wuya. Jaki ma yana ji."

To, a ƙauyen nan babu mai noma babbar gona da hannunsa shi kaɗai. Gayya ake yi. Yau maza su taru a gonar wane da fartanyoyinsu, mai ganga yana binsu a baya, mai gona ya ba da tuwo da kunu. Gobe su taru a ta wani. Gayya kuwa ba a sayenta, ba a roƙonta. Bayanka za ka kai gonar ɗan'uwanka ka sunkuyar, ranar taka shi ma ya kawo nasa. Tsohon da ya rasu bai taɓa ƙin gayyar kowa ba, ya mutu rabin gari suna riƙe da guminsa. Saboda haka da ruwa ya sauka, mutane suka fito ba tare da an kira su ba. Suka yi wa ɗansa huɗa, suka taya shi shuka, suka dawo suka yi masa noman fari. Mutumin ya tsaya a bakin gona yana yi musu sannu, zuciyarsa fari ƙal. Ya ce a ransa, ashe haka noman yake, ashe mutanen garinmu haka suke da kirki. Bai san gumin ubansa ake biya ba. Bai kuma san gumin matacce yana ƙarewa ba.

A cikin kwamfutar nan akwai wani wasa. Ba irin na guje-guje da harbe-harbe ba ne. Wasan masarautun dā ne. Taswirar duniya ce shimfiɗe a gilashi, an yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace ƙasa da launinta. Mutum ya zaɓi ƙasa guda ya zama sarkinta. Ya gina birane, ya cika rumbuna, ya ƙulla amana da sarakunan maƙwabta, ya kai yaƙi, shekaru suna gudu a saman gilashin kamar ruwan kwazazzabo. Kafin a fara, wasan yakan tsayar da mutum a gaban ƙofa uku: ta sauƙi, ta tsaka-tsaki, da ta wuya. Mai shagon da ya sa masa wasan a birni ya kuma gaya masa wata magana. Ya ce wannan wasa ba shi da alƙalin da zai hura usur ya ce wane ya ci. Kowa shi ke ɗora wa kansa abin da yake nema. Wani yakan ɗauki 'yar ƙaramar ƙasa, burinsa kawai ya riƙe ta kada ta ɓace. Wani fatauci yake so. Wani ilimi.

Mutumin namu ya shiga ta ƙofar sauƙi, ya kuma rantse wa kansa cewa sai taswirar nan gaba ɗaya ta koma launinsa, shuɗi, daga teku zuwa teku.

Wata rana da hantsi Habila ya leƙo zauren. Habila ɗan wan mahaifinsa ne, sa'ansa, tare aka yi musu baftisma a rafin nan. Gonarsa 'yar ƙarama ce a kan tudu, duwatsu sun fi ƙasar yawa. Ya jingine fartanyarsa, ya tsaya a kansa yana kallo.

"Ɗan birni, wannan kuma wane irin aiki ne? Zanen atamfa kake yi?"

"Ƙauyanci dai bai yi ba. Duniya ce wannan. Duk inda ka ga shuɗi nawa ne."

"Kai! Ranka ya daɗe. Ashe da sarki muke kwana muke tashi ba mu sani ba. To su waɗannan jajayen da koren, me ya sa ba sa tasar maka?"

Mutumin ya gyara zama, domin an taɓo inda yake masa ƙaiƙayi. Ya bayyana masa ƙofofin nan uku. Ya ce a ta sauƙi abokan gaba suna da sanyin jiki, rumbu yana cika ko ba ka kula ba. In sarkin da kuka ƙulla amana ya kira ka yaƙi ka ƙi zuwa, sai ka aika masa da 'yar kyauta, shi ke nan ya huce, gobe ka kira shi ya zo da rundunarsa. In kuwa yaƙi ya ɓaci, akwai inda ake dannawa a koma baya, a sake daga inda abin bai lalace ba.

Habila ya ce, "A ta wuyar fa?"

"Can ai azaba ce. In abokinka ya kira ka ka ƙi zuwa, ya riƙe ka a zuci ke nan. Ko me ka aika masa ba ya mantawa. Komawa baya ma an toshe ta."

Habila ya kwashe da dariya har yana riƙe ciki. "Ashe na'urar nan ta san gayya! Wanda ya ƙera ta wuyar nan, ka bincika, ɗan ƙauye ne. Af, ka ma tuna mini abin da ya kawo ni. Gobe maimai za a fara, noma na biyu. Gonar su Zakka ce ta farko. Ka wasa fartanyarka."

"Allah ya kai mu."

Allah kuwa ya kai su. Da gari ya waye Habila ya buga ƙofa, ya tarar da sarki ya riga ya hau karaga. Rundunarsa ta kewaye wani babban birni mai ganuwa, saura ƙiris ya faɗi. Mutumin bai ko ɗaga kai ba. Ya kira Afiniki ya ce ta auna sukari ta ƙulla a leda, ta kai gidan su Zakka a sa a kunun 'yan gayya, ta ce yana gaishe su, wani uzuri ne ya riƙe shi.

Habila ya dubi ƙullin sukarin, ya dubi ɗan'uwansa. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya saɓa fartanyarsa ya fita.

Haka abin ya ci gaba. Gayya ta tashi daga wannan gona ta faɗa waccan, kowace da ƙullin sukarinta. Birnin nan mai ganuwa ya faɗi, amma bayansa akwai wani. Bayan wannan akwai tsibiri, bayan tsibiri akwai ƙasar duwatsu. Kullum saura ƙiris. Ganga tana tashi a bayan gari, shi kuwa yana zaure, rana tana dukan farantin sola, shuɗi yana malala a kan taswira kamar an kifar da tukunyar rinin baba.

Afiniki ta gaji da zama 'yar aike. Wata rana ta dire masa kwanon abinci da ƙarfi.

"Maigida, matan zumuntar majami'a sun fara tambayata ko ciwon baya kake yi."

"Me kika ce musu?"

"Na ce a'a, lafiyarsa ƙalau, yatsa ɗaya ne dai yake aiki a jikinsa."

"Ke dai bakinki ba linzami. Wa ya taɓa kai wa 'yan gayya sukari kafin ni? Da tsamiya zalla suke shan kununsu. Ai gata nake yi musu."

"Sukari yana cire ciyawa?"

"Afiniki, ki bar ni. Na san mutane. Ba abin da ciki ba ya saya."

Baba Irmiya ma ya tare shi ranar Lahadi a ƙofar majami'a. Bai ja magana ba. Ya ce, "Ɗana, zumunta a ƙafa take. Abin da ubanka ya ajiye a wurin mutane, ka cinye shi tun a noman fari." Mutumin ya rusuna ya ce ya ji.

Da ya ga dama ya leƙa gonarsa, sai gabansa ya faɗi. Ciyawa ta tashi ta kai gwiwa. Harkiya da tofa sun haye kunyoyi, dawar ta fara ramewa a tsakaninsu kamar marainiya. Amma nan da nan ya kwantar da hankalinsa. Ai ya san maganin abin. Bayan sujada ta gaba ya miƙe a gaban jama'a ya ce ranar Laraba gayyarsa, kowa ya zo, ba za a ji kunya ba. Maza suka dubi juna. Suka ce, "To, Allah ya kai mu."

Ya sa aka yanka akuyar Afiniki, wadda take kiwo domin Kirsimeti. Ta yi kuka, ya ce mata wanda zai kama babban kifi ba ya rowar ƙoto. Aka tuƙa tuwon dawa tukunya-tukunya, aka kaɗa miyar kuka da nama zuƙu-zuƙu, aka dama kunu har ya fi na biki zaƙi. Tun sassafe suka kwashi komai suka jera a inuwar ɗorawa, daura da kabarin tsohon.

Suka zauna jira.

Rana ta fito ta ɗaga. Raɓa ta bushe a kan ciyawa. Can sai suka ji ganga daga bakin gari, tana tahowa. Mutumin ya miƙe, ya gyara hularsa, ya dubi matarsa da ido irin na "ban gaya miki ba?" Gangar ta matso, ta matso, har ana jin muryoyin maza suna amsa waƙa. Da ta iso mararraba sai ta karkata. Ta gangara, ta haye rafi, ta nufi gonar wata gwauruwa wadda ɗanta bai taɓa fashin gayya ba. Sautin ya yi ta raguwa har ya zama kamar bugun zuciya.

Ƙudaje suka fara sauka a bakin tukwane.

Mutum ɗaya ne ya ɓullo ta hanyar gona. Habila ne, fartanya a kafaɗa, kwando a ka. Ya zo ya sauke kwandon a gaban ɗan'uwansa. Cike yake da ƙulle-ƙullen leda.

"Mene ne wannan?"

"Saƙo ne, ranka ya daɗe. Wannan daga gidan su Zakka. Wannan daga gidan mai ganga. Wannan na gidan dattijon ikkilisiya. Kowa ya ce yana gaishe ka, wani uzuri ne ya riƙe shi. Sun ce a sa a kunun 'yan gayya."

Mutumin ya tsuguna ya ɗauki ƙulli guda. Ɗaurin Afiniki ne, ya gane shi. Ko kwancewa ba a yi ba. Ashe duk kwanakin nan da tsamiyarsu suka sha kununsu, suka rataye sukarinsa a jikin danga suna jiran ranarsa.

Jininsa ya hau. "Wulaƙanci ne wannan! Ni za a yi wa haka? A gonar ubana? Waɗannan su ne masu cewa su Kirista ne?"

Habila ya ce, "Rage murya, tsohon yana kwance a nan. Ba wanda ya zage ka. Abin da ka kai aka kawo maka, ko ƙwaya ba ta ɓace ba. Ni ma ba don kai na zo ba. Shekarar da ƙafata ta karye, ubanka shi ya nome mini tudun nan nawa. Ɗauki fartanya."

Suka sunkuya su uku, shi da Habila da Afiniki, a gonar da take cinye ƙarfin maza ashirin. Kafin rana ta take, tafin hannun mutumin ya yi bororo ya fashe. Ƙugunsa ya ƙage. Ya ɗaga kai ya duba abin da suka nome, ya duba abin da ya rage, sai ya ga kamar sun ɗebi ruwan rafi da ludayi. Da la'asar Habila ya miƙe ya karkaɗe jikinsa. Ya ce shi ma tasa tana jiransa. Ko loma ɗaya bai ci ba. Tuwon ya kwana ya yi tsami, naman akuyar Afiniki kuwa rabinsa karnuka suka ci.

Washegari mutumin ya tafi wurin Baba Irmiya, ya zube a gabansa.

"Baba, ka sa baki. In ka yi magana za su zo."

"Za su zo, don suna jin nauyina. Daga ranar kuma gayya ta mutu a garin nan, domin kowane malalaci ya gane cewa yana iya kwanciya a zaure ya aiko da leda. Ba zan kashe gari don in raya ka ba."

"To zan je tasu. Daga yau duk inda aka buga ganga, ni ne na farko."

Idon Baba Irmiya ya kawo ruwa. "Wace ganga, ɗana? Ta gwauruwar nan ita ce ta ƙarshe. Maimai ya ƙare. Ba a fafe gora ranar tafiya."

A makon nan marka ta sauka. Ruwa ba dare ba rana, ƙasa ta jiƙe ta yi laka, in ka cire ciyawa ka yar sai ta sake kama ƙasa a inda ta faɗi. Mutumin ya yi ta fama shi da matarsa, amma ciyawar ta riga ta sha kan dawar. Ganye ya yi rawaya. Kara ya tsaya siriri kamar tsinken tsintsiya. Da marka ta ɗauke sai wuta-wuta ta fito da jan furenta ta ƙarasa abin da ya saura.

A nan ne mutumin ya yi abin da ya fi na farko muni. Ya ajiye fartanya ya koma zaure. Domin a waje kowa ya gan shi sai ya kau da kai, a cikin gilashi kuwa har yanzu shi sarki ne, in ya kira, runduna ta amsa. Ya ci ƙasar duwatsu. Ya ci tsibiran da suka rage. Wata rana da azahar birni na ƙarshe ya faɗi, taswirar ta zama shuɗiya daga teku zuwa teku, babu ɗigon wani launi.

Ya janye hannunsa, ya zauna yana jira.

Ba abin da ya faru. Ba a buga tambari ba, ba a yi guɗa ba. Ko sannu wasan bai ce masa ba. Shekaru suka ci gaba da gudu a saman gilashin kamar yadda suka saba. Ba wanda ya sa shi, ba kuwa wanda zai sallame shi. Daga tsakar gida ya ji muryar Afiniki tana gaya wa yara su yi haƙuri, abin da ke tukunya ke nan.

Da kaka ta yi, ranar godiyar girbi, kowane gida ya shigo majami'a da daminsa a ka, mata suna rawa suna waƙa. Afiniki ta shigo daga ƙarshe da 'yan zangarniyoyi a faifai. Kala ta yi a gonakin mutane bayan sun kwashe nasu, domin abin da aka yanka a babbar gonar nan bai rufe gindin rumbu ba. Ta ajiye faifan a gefe, ta koma ta zauna a bencin baya, ta ja gyale ta rufe fuskarta.

Bayan kwana kaɗan Baba Irmiya ya tara mazan gidan a gindin ɗorawa. Bai yi faɗa ba, bai yi tone-tone ba. Ya nuna gonar da sandarsa, tofa tsaye ta kai ƙirji, ya ce daga bana Habila zai riƙe ta.

Habila ya ce, "Baba, ban roƙa ba."

"Na sani. Shi ya sa."

Mutumin ya tsaya inda yake. Mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya. Ya rage shi kaɗai, shi da kabarin ubansa da gonar da ta tashi daga hannun 'ya'yansa. Sai ya ji yatsansa yana motsi a jikin cinyarsa, yana lalube, yana neman wurin nan da ake dannawa a koma baya, zuwa safiyar da Habila ya fara buga masa ƙofa. Ya duba ƙasa, ya duba sama. Babu abin dannawa.

Ga ma'anar misalin, ga wanda kunnensa ba na ado ba ne.

Da farko, kada wani ya fita daga nan ya ce an ce kwamfuta Shaiɗan ce, ya je ya fasa ta ɗansa. Ba ita ta ci gonar ba. Waɗanda suka ƙera wasan nan ma sun fi da yawanmu gaskiya, domin sun kafa ƙofa uku, sun rubuta sunan kowace a goshinta. Mutumin da idonsa a buɗe ya zaɓa. Laifinsa shi ne ya daɗe a ƙofar sauƙi har ya ɗauka duniyar Allah ma haka aka saita ta.

Gonar ita ce abin da Ubangiji ya danƙa maka: gidanka, aurenka, 'ya'yanka, ranka. Ba kai ka saya ba, ba kuma don ado aka ba ka ba. Gumin tsohon shi ne addu'ar iyayenku da mutuncin da suka tara. Da yawanku a kansa kuke tafiya yau, kuna taƙama kuna cewa mutane suna sonku. Ba ku ake so ba tukuna, uwarku ake tunawa. Yana kuwa ƙarewa, ba a kuma buga ƙararrawa ranar da ya ƙare.

Sukarin fa? Kun san shi sarai, kada ku yi mini fuskar rashin sani. Shi ne ambulan ɗin da kake aikowa ranar aikin majami'a kai kana kwance. Shi ne gaisuwar waya da kake tura wa mara lafiyar da ke bayan katangarka. Shi ne baikon da kake jefawa don Allah ya rabu da kai har wata Lahadin. Kana so a ce ka zo alhali ba ka zo ba. To, Allah ba sarkin cikin gilashi ba ne da ake rufe masa baki da ƙullin leda. Kai yake kira, da bayanka, da tafin hannunka. Ka ji tsoron ranar da za a sauke maka kwando a gabanka, ka ga duk abin da ka aika yana nan da ɗaurinsa, ba a taɓa kwancewa ba.

Sai taswirar. A nan ne abin ya fi ciwo. Rayuwar nan ma ba ta da mai usur. Ba wanda zai tsaya a kanka kowace safiya ya ce ga abin da za ka nema. Kai za ka ɗora wa kanka, abin da ka ɗora kuwa shi zai cinye kwanakinka. Wani a cikinku shuɗinsa kuɗi ne, wani suna, wata kuma so take ta fi matar maƙwabci. Kullum saura ƙiris. Ku tambayi waɗanda suka kai can, in za su faɗa muku gaskiya. Sun shafe taswirar, sun janye hannu, sun zauna jiran guɗa, sai suka ji shiru. Habila bai taɓa neman duniya ba. Tudunsa mai duwatsu ya riƙe, ya amsa kiran 'yan'uwansa, aka ƙara masa abin da bai roƙa ba. Ɗayan ya nemi komai, har wanda yake hannunsa aka karɓe.

Na san akwai mai cewa a ransa, ai Ubangiji mai jinƙai ne. Haka ne, mai jinƙai ne, ya fi abin da bakina zai iya faɗa. In mutumin nan ya durƙusa a gindin ɗorawar ya tuba, za a gafarta masa kafin ya miƙe. Amma gafara ba ta dawo da damina. Za a yafe maka, ɗanka kuwa ya riga ya girma bai san muryarka ba. Za a yafe miki, tsohuwar da kika yi ta cewa gobe za ki je dubawa kuwa an riga an binne ta. Mun ga masu tuba da hawaye na gaske, suna tsaye a bakin gonar da ba tasu ba kuma. Ba labari ba ne, wasunsu a bencin baya suke zama.

Ƙofa ɗaya ce aka buɗe mana a duniyar nan, ita ce ta wuya. A cikinta ana tunawa da wanda ya zo da wanda bai zo ba, komawa baya kuwa an toshe ta. In kana jin ganga yau, ko a gonar wa take, ajiye ledar ka ɗauki fartanya. Akwai wadda take ta ƙarshe, mai bugunta kuwa ba ya sanarwa.